Sunan 'Yar Fari

Fagge, Kano
Farkon watan Maris

Zuwa ga taubashiyata Yakaka, ungozomar Baga,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya masu haihuwa, ya ƙarin haƙurinmu na rashin maigidanki Ikrima? Allah ya kai haske kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ta fara yi mini gardama a matattakalar shago. Matata Kamila tana gaishe ki. Ta ce kifin da kika aiko ya iso, sai dai Boniface direba ya rantse kwali ɗaya kika ba shi, ni kuma na ga gemunsa yana ta ƙyalli. Tun da sabis ɗin garinku ya zama sai an hau bishiya, shi ne gidan wayarmu, kuma ba a yi wa gidan waya binciken ƙwaƙwaf.

Kasuwar Kwari tana nan yadda kika bar ta, kowa na kukan babu ciniki, kowa kuma na sammakon buɗe shago. Jiya wata Hajiya ta sa na sauke mata atamfa har na kusa taɓo silin. Ta shafa, ta shinshina, ta ɗaga wa haske, sannan ta ce za ta je ta yi shawara da maigida. Na ce ta gaishe shi, Allah ya ƙara masa lafiya.

To, na gama shimfiɗa, bari in fito da kayan. Maganar 'yarki Jawahir ce.

Makon jiya makarantarsu ta aiko in je. Ita ce wadda na gaya miki, ta Sabon Gari, gaba kaɗan da Bata, da na zaɓa saboda ba su cika aji kamar buhun gero. Na sa babbar riga na tafi, a zatona taron iyaye ne. Sai shugabar makarantar ta baje mini takardun gwajin da suka yi. Yakaka, fari fat. Ta rubuta sunanta a sama, ta sa kwanan wata, shi ke nan. Yarinyar da ta zo mana tana karanta jarida tana gyara wa 'ya'yana lissafi. Suka ce a aji kifa kai take yi a kan tebur, in an yi mata tambaya sai ta ɗago ta kalli malami kamar daga wani gari yake magana. Malamin lissafi ya ɗauka raini ne, ya zane ta. Ba ta yi kuka ba, ba ta ko janye hannu ba. Shi da bakinsa ya ce mini abin ya ba shi tsoro, ya ajiye bulalar.

Da na dawo gida na buɗe ido, sai na ga a nan ma haka ne. Abinci tsakura take yi. In 'yan matan layi sun zo ƙunshi, tana ɗaki. Mu kuwa muna ta yabo, muna cewa ga yarinya mai natsuwa, ba irin namu ba masu baki kamar rediyon mai shayi.

Kamila ta ce shafar aljanu ce, wai makarantar tsohon gini ce. Na kawo limamin layinmu ya yi mata ruƙiyya. Ta zauna ta saurara har ya gama, ta ce masa na gode. Ya ja ni soro ya ce, "Alhaji, zan ci gaba da yi mata addu'a, amma ni ban ga aljani a nan ba. Baƙin ciki ne ya danne yarinyar nan."

Shugabar ta ce in abin ya ci gaba haka, ba za su sa ta a jarrabawar aji uku ba, gara mu nema mata wani wuri. Amma akwai wata malama, Madam Julie, 'yar Zonkwa, ita ce mai ba ɗalibai shawara. Ofishinta wani ɗan ɗaki ne da take rabawa da tsintsiyoyi da karyayyun kujeru. Ita ta roƙa a ba ta lokaci kafin a yanke hukunci. Ta ce in tambaye ki: yaya yarinyar take kafin rasuwar? Me take so? Wa take gaya wa maganar cikinta?

Ki rubuto da motar da za ta fara tasowa.

Naki,
Kyari

*

Baga
Tsakiyar Maris

Yaya Kyari,

Wa alaikumus salam. Na sami wasiƙarka, na gode. Ina lafiya, aiki da godiya. Watan nan haihuwa ta yi yawa, har da tagwaye, duk Allah ya sauke su lafiya. Gwiwarka kuwa ba matattakala ce ta yi mata laifi ba, ka rage tsiren yamma. Ka gaishe mini da Hajiya Kamila da kyau, da Sadisu, da Kaka auta, da Malam liman, da maƙwabciyarku mai ƙosai da ta yi mini alheri wancan zuwan. Kwali biyu na ba Boniface, amma ka bar shi da Allah.

Abin da ka faɗa a kan yarinyar nan na karanta, kunya ta rufe ni. Ban aiko ta don ta zame maka wahala ba. Kakarka da kakana ne suka fito ciki ɗaya, amma kai ka ɗauke mini nauyi a lokacin da na kusa kowa ya kalli gefe. Ga shi yanzu kana rufe shago kana zuwa amsa kira. Na san halinka tun muna yara a Fagge, in ka yi doguwar shimfiɗa akwai abin da kake jin nauyin faɗa. To na sauƙaƙa maka. In ta gagare ku, kada ka ji kunyata. A sa ta a mota a kai ta Gashuwa wajen Gwaggo, ta taya ta aikin gida. Karatu in da rabo a yi daga baya.

Tambayoyin malamar kuwa ban san me zan ce ba. Ita da ubanta ne. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata Uwata, ya ɗora ta a babur su zaga bakin ruwa su dawo suna ƙus-ƙus. Ni ba na shiga tsakaninsu. Ka dai san 'yar fari ce.

A ce mata ta yi wa mutane biyayya, ta daina ja mana magana.

Ƙanwarka,
Yakaka

*

Fagge
Ƙarshen Maris

Yakaka,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, ta jiki dai. Gaisuwarki ta isa ga kowa, mai ƙosai har gyara ta yi mana saboda murna.

Yau babu shimfiɗa, ki gyara zama. Da a shago kika yi mini wannan fassarar, da na ce Hajiya, ba ki ko buɗe turmin ba kika raina shi. A ina na ce ta gagare mu? Na ce miki yarinya ba ta da lafiya, ke kin ji na ce ta yi mini nauyi. Shinkafar da take tsakura ko kazar Kamila ta fi ta ci.

Ga abin da ba ki sani ba. Tun zuwanta, duk wasiƙar da kika aiko ita nake miƙa wa ta karanta mana a tsakar gida bayan magariba. Wai ni nan dabara na yi, ta ga rubutun hannun uwarta ta ji sanyi. Wannan karon ma ko buɗewa ban yi ba na ba ta. Ta karanta gaisuwar Kamila, ta Sadisu, ta Kaka, ta liman, ta mai ƙosai. Ta iso inda kika ce "yarinyar nan". Na yunƙura zan karɓe, gwiwar nan ta ci amanata, kafin in miƙe ta kai Gashuwa. Tsaf ta karanta, murya ko rawa ba ta yi ba, kamar mai karanta sanarwa a rediyo. Ta ninke takardar, ta miƙo mini da hannu biyu, ta shige ɗaki.

Da safe Kamila ta tarar ta haɗa kayanta a jakar bakko, ta sa hijabi, ta zauna a kai.

Na ce, "Ina zuwa haka?"

Ta ce, "Baba, ai an ce Gashuwa."

Na ce, "A gidan nan ni nake sa mutum a mota, kuma yau ban tashi da niyyar ba. Tashi ki sa kayan makaranta."

Ni na kai ta da kaina a adaidaita. Madam Julie ta shiga da ita ɗakin tsintsiya suka daɗe, ina waje ina koya wa maigadi yadda ake gane shadda ta ainihi, shi kuma yana hamma. Da suka gama ta tura ta aji, ta ce in shigo. Ta ce abin da za ta gaya mini sai da ta nemi izinin yarinyar.

"Alhaji, akwai faɗa ne tsakaninta da mamanta?"

Na ce faɗan me, ana zaune ƙalau?

"Ta ce tun da ta zo Kano mamanta ba ta taɓa gaishe ta a wasiƙa ba. Ta ce ana gaida mai ƙosai. Ta ce ita sunanta yarinyar nan. Ta ce mai kiranta ya mutu."

Allah ya yafe mini, dariya na yi, irin wadda nake yi wa baƙon da ya shigo Kwari bai san farashi ba. Na ce Madam, wannan ai alkunya ce. 'Yar fari ce, ga shi kuma sunan surukar uwar gare ta. Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ya dame ta. Ni nan ɗan fari ne, har mahaifiyata ta koma ga Allah "kai wannan" take ce mini, ga ni nan na yi tumbi.

Ta ce, "Na san alkunya, Alhaji, a Zariya na yi karatu, maƙwabtana duk haka suke yi. Amma lokacin da mamanka take ce maka kai wannan, wa yake zuba maka tuwo?"

Na ce ita.

"In zazzaɓi ya kama ka, hannun wa kake ji a goshinka?"

Na ce nata.

"To ita ba ta ganin tuwon, ba ta jin hannun. Takarda kawai ke zuwa mata, takardar kuma babu ita a ciki."

Na ga gaskiyarta. Mu da aka yi wa alkunya, a gida ɗaya muke kwana da masu yi mana ita, muna ganin wanda aka ɓoye wa tsokar nama a ƙarƙashin tuwo. Ba wanda ya taɓa gaya mana yadda ake yin ta a takarda, daga Baga zuwa Kano, ga marainiya.

Madam ba ta ce wannan kaɗai ne ciwon ba. Akwai rasuwar uba, akwai baƙunta, akwai 'yan aji da ke kwaikwayon Hausarta suna ce mata 'yar kifi. Ta ce abin ya yi mata kama da ciwon damuwa, mu kai ta ta ga likita. Ta kuma sa an hana dukanta, ta kira masu tsokanar ta ja musu kunne. Amma ta ce akwai abin da ba a samu a kantin magani.

Ga roƙona. Ki rubuto mata. Ita, ba ni ba. Da sunanta a sama. Ba mai gani, na sa miki ambulan mai gam a ciki, in Boniface ya kuskura ya buɗe ni zan aske masa gemun nan. Na san ba ƙaramin abu nake nema ba, na san hannunki zai yi nauyi. Amma ke da kika yanke cibiyar rabin yaran Baga, kike kiran kowanne da sunansa a hanya, ki daure ki ƙara ɗaya.

Naki,
Kyari

*

Fagge
Cikin watan Mayu

Yakaka,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, domin shirun ya yi yawa. An ce an rufe hanyarku. Boniface tun da ya tafi bai dawo ba, 'yan kifin Sabon Gari sun ce motoci na nan jibge a Monguno. Na kira lambarki har na saba da matar nan mai cewa ba a samun ki, saura kaɗan in tambaye ta ya yara. Wannan zan ba wani direba da ya ce zai gwada sa'arsa. Ban sani ba ko waccan ba ta same ki ba, ko kuwa ta same ki kin yi fushi. In fushi ne ki yi da ni, na saba, Kamila na yi mini kullum kyauta.

Mun ga likita. Da farko Kamila tuburewa ta yi, wai in 'yan layi suka ji an kai ta wajen likitan ƙwaƙwalwa za a ce mahaukaciya ce, wa zai aure ta, wa zai auri namu. Na ce duk wanda ya tambaya ki ce gwiwata muka kai. Haka aka yi. Har yau ana yi mini sannu, ni kuma in na shigo layi sai in ƙara ɗingishi don kada a gane. Likitar mace ce, ba ta da gaggawa. Ta ce ciwon damuwa ne, ba hauka ba ne, kuma ana warkewa. Za su riƙa zama suna magana, magani sai in ya kama dole. Kamilar da ta tubure ita ce yanzu mai rakiya, rannan ma ta dawo tana kallona tana cewa ni ma ta ga alamun a jikina.

Akwai sauƙi, amma kaɗan ne. Tana ci in Kamila ta zauna kusa da ita. Madam ta dawo da ita kujerar gaba kusa da taga, ta kuma ba ta kula da 'yan littattafan laburare don ta sami wurin fakewa lokacin tara. Kwanaki ta rubuta rabin shafi a gwajin Turanci. Madam ta tako har shago don ta nuna mini. Da ta zaɓi atamfa na yi mata ragin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba, na ji zafinsa har ƙashi, amma na daure na yi murmushi.

Sai dai ga wani abu. Na lura in an tashi daga makaranta takan makara, rannan na bi bayanta daga nesa. Ashe ratsawa take yi ta cikin kasuwar Sabon Gari, ta tsaya a layin 'yan kifi inda Boniface ke sauke kaya. Ba ta tambayar kowa komai. Ta tsaya da jakarta a ƙirji ta duba motoci ɗaya bayan ɗaya, sannan ta juyo gida. Ban gaya mata na roƙe ki komai ba, don kada in sa mata rai. Amma ranar da yamma ta kawo mini ruwan alwala ta tsaya ba ta tafi ba.

Ta ce, "Baba, in an rufe hanya, masu haihuwa fa, ya suke yi?"

Na ce, "Suna da ungozoma mai taurin kai, ko bindiga ba ta hana ta aiki."

Kin ji. Ke take tambaya, amma ta bi ta kan masu haihuwa. Ita ma ta iya alkunyar, gado ne.

Shugabar ta ce ƙarshen wata za su rufe sunayen masu jarrabawa. Madam na ganin a ƙyale ta bana, ta maimaita aji a hankali, kuma shugabar ta yarda ta zauna in iyaye sun amince. Ni na amince. Amma ke ce uwa, kuma maganarki ta ƙarshe da ke hannunmu ita ce Gashuwa. Duk abin da na faɗa, ita a wajenta aron lokaci kawai nake yi mata. Ke kika faɗa, ke za ki janye.

Allah ya buɗe hanya, ya tsare ku.

Naki,
Kyari

*

Baga
Farkon Yuni

Yaya Kyari,

Wa alaikumus salam. Ina raye, ina lafiya, an buɗe hanya. Wasiƙunka biyu rana ɗaya suka shigo hannuna. Ta farkon ta yi laushi a aljihun Boniface saboda zufa, shi kansa ya rame, na yafe masa kwalin kifin. A tsaye na karanta su a bayan ɗakin haihuwa.

Ban yi fushi ba. Gashuwa da na ce, don nan ba wurin ajiye budurwa ba ne, ka dai ga abin da hanya ta yi. Da da hali a ɗakina za ta kwana. Ban san ita ke karantawa ba. Ko da na sani ma, ban san me zan canza ba, ban iya wata hanyar ba. Kullum in na zo wurin gaisuwarta sai in tsallake, ina cewa a raina ai ta sani.

Ciwon da likita ta faɗa na san shi. Ina ganinsa a jikin masu jego, mace ta haihu lafiya ta juya wa bango fuska, dangi su ce iskoki ne. Nakan zauna a gefen gado in riƙe hannunta in yi ta kiran sunanta har ta juyo. Na yi wa matan mutane ba adadi. Tawa ce ban yi wa ba.

Maganar Gashuwa na janye ta. Ta zauna, ta maimaita ajin. Ka yi wa Madam Julie godiya, Allah ya saka mata. Na sa turaren wuta ƙulli biyu, ɗaya nata ɗaya na Hajiya Kamila, kada in ji ka haɗa ka kai shago.

Ga ambulan ɗinka nan na dawo da shi. Na ɓata takardu da yawa kafin ta fito, sai da na kulle ƙofa kamar mai sata. Kada ka buɗe. Kada a karanta a tsakar gida.

Ƙanwarka,
Yakaka

*

Jawahir,

Ga shi nan na rubuta. Ki duba da kyau, hannuna ne.

Ina kwana? Ya jikinki, ya makaranta? Ni ce, Mama.

Ranar sunanki mata sun cika ɗaki, ni na juya baya kamar ban san abin da na haifa ba, tsofaffi suna ta yaba kunyata. Da kowa ya watse na ɗauke ki, na duba yatsunki ɗaya-ɗaya, na faɗi sunan a kunnenki. Tun daga ranar nake faɗarsa bayan kowace salla, inda babu mai ji sai Allah. Ban yi tunanin ke ma kina bukatar ki ji ba.

Babanki shi yake faɗa miki abin da ni nake jin nauyi. Da ya tafi, sai aka bar ki babu mai faɗa. Ban iya ba, amma zan koya, ki yi mini haƙuri in ya fito a karkace. Ni ma ina kewarsa. Babur ɗinsa yana nan a zaure na rufe da tabarma, an zo saye na hana.

Ban tura ki Kano don na gaji da ke ba. Ranar da za ki tafi ban raka ki tasha ba, na ce ina da mai naƙuda. Babu wata mai naƙuda. Ina bayan katangar asibiti ina kallon motar har ta ɓace.

Ba ki yi laifin komai ba, ba ki ja mini magana ba. Ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma yana wucewa. Ki ci abinci. Ki riƙa gaya wa Madam da likita gaskiyar abin da kike ji, ko da a kaina ne. Maimaita aji ba abin kunya ba ne. Ba inda za ki sai makarantarki. In hanya ta zauna lafiya ina nan zuwa da dogon hutu.

Allah ya yi miki albarka.

Mamanki

*

Fagge
Ƙarshen Yuni

Yakaka,

Sallama da gaisuwa, muna lafiya. Saƙo ya iso. Turare ya shiga hannun masu shi, duk da na auna shi da ido na ga zai yi kasuwa. Madam ta shinshina ta ce yanzu ɗakinta zai daina warin tsintsiya.

Na miƙa mata ambulan na ce wannan ba tawa ba ce. Ta juya gaba ta juya baya ta ce, "Baba, ta wa ce?" Na ce ni ɗan aike ne, ban da labari. Ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Ni da Kamila muka zauna a tsakar gida kamar masu jiran a fito daga ɗakin haihuwa. Can sai muka ji kuka. Kuka na gaske, mai sauti, wanda tun zuwanta gidan nan ba mu taɓa ji ba. Na zabura, Kamila ta riƙe mini riga ta ce, "Zauna Alhaji, ƙyale ta, wannan mai kyau ne." Kin ga 'yar rakiyar asibiti ta zama likita.

Ba zan ce miki ta warke ba, ba na yi wa ɗan uwa ƙaryar kaya. Akwai ranakun da take tashi da nauyi, likita ta ce haka abin yake tafiya, sai a hankali. An cire ta daga jarrabawar bana, za ta maimaita a nan wajen Madam. Shekaranjiya kuwa ta tarar Kaka ta sa hijabinta ba izini, ta ɗaga mata murya har mai ƙosai ta leƙo. Kamila tana ta alhamdulillahi, Kaka ta rasa gane dalilin da aka yi mata faɗa uwarta na murna.

Ta ce in bar mata wuri a ƙasa, tana da magana. Ga biro na ba ta, na juya baya.

Naki,
Kyari

Mama, ina wuni. Ni ce. Na ga saƙo. Ina cin abinci. Ki sake rubutowa ko da babu labari. Ki fara yadda kika fara waccan.